Hannun Tela

Asabar, da hantsi

Mun dawo da Baba gida daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same shi. Yaya ya riƙe shi ta hagu, ni ta dama, Inna na gabanmu tana kawar da abubuwan da ba su tare wa kowa hanya ba. Ta ɗauke takalmi, ta ajiye, ta sake ɗaukewa. Ta ɗakin ɗinki muka bi, don ƙofarsa ta fi faɗi. Ba wanda ya juya ya kalli keken ɗinkin Baba. Ni ma ban juya ba, amma na gan shi ta gefen ido. Yana nan yadda Baba ya bar shi ranar da ƙararsa ta yanke, allura a nutse cikin yadi, sauran yadin ya zubo ƙasa. Shuɗi ne. Wandona ne, mai faɗi, wanda na roƙe shi ya ɗinka mini don in riƙa koyar da 'yan matan makarantarmu yoga, motsa jikin nan na miƙa da numfashi, a cikinsa. Ranar da na kawo yadin sai da ya yi dariya har tef ɗin awo ya zame daga wuyansa. Ya ce, "Uwata, duk karatun nan da kika sha, ashe birgima za ki ƙare da koya wa 'ya'yan mutane?" Ƙafa ɗaya ya gama.

Hannunsa na dama a dunƙule yake. Babban yatsa a ciki, sauran sun rufe shi gam, kamar yaron da ya tsinci abu a hanya ya ƙi nuna wa kowa.

Kafin a sallame mu, likitar gashin ƙashi ta ja ni gefe. Doguwar mace ce mai sanyin murya. Ta ce ƙafar za ta dawo, harshen ma zai biyo baya a hankali. Hannun ne abin dubawa. Idan yatsun suka daɗe a lanƙwashe, jijiyoyin za su gajarce su saba da haka, ko ƙarfi ya dawo ba za su miƙe ba. Mu koma ƙarshen wata ta gani. In bai saki ba, za ta ɗaure shi a cikin wata roba mai tauri, kuma mu cire rai da ɗinki.

Na ce mata ai sassauta tsoka aikina ne. Ta yi murmushi kawai.

Lahadi, da yamma

Gidan ya yi tsit. Ashe ƙarar keken nan ce ke riƙe da bangon gidanmu.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Da safe na koyar da darasin tsoka da ƙashi a aji, da yamma na shimfiɗa tabarmi a ɗakin taro. 'Yan ajin ƙarshe ne, jarrabawa ta ƙarato, kowacce ta shigo da kafaɗu a ɗage kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Duk ranar, wannan lokacin na fi so. Rana na shigowa ta tagogin sama ta kwanta a bango, fanka na juyawa kamar ba da son ranta ba, su kuma yaran nan da suka wuni suna hayaniya sai su yi laƙwas a gabana.

Na sa su zauna su miƙe ƙafafu, su sunkuya a hankali su nufi yatsun ƙafa. Na ce, "Kada wadda ta yi kokawa da jikinta. Ku nemo wurin da ya riƙe. Bayan cinya ne? Ƙugu ne? Ku kai hankalinku can ku ajiye shi, yadda ake ɗora tafin hannu a goshin mai zazzaɓi. Ku shaƙi iska ta hanci. In za ku fitar, ku bar wurin ya bi iskar. Tsoka ba ta jin tsawa, lallashi take ji."

Akwai wata da ƙawayenta ke kira Rediyo, saboda ba ta da makunnin kashewa. Ta ɗago kai daga kan gwiwa ta ce, "Malama, ni fa duk jikina ne ya riƙe. Ta ina zan fara lallashin?"

Na ce, "Fara da bakinki."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da ita. Da suka sake sunkuyawa, kusan kowacce ta wuce inda ta tsaya a farko.

A hanyar gida ina ta tsara yadda zan yi da Baba. Idan yara masu rawar kai sun iya, ina ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana zura zare a allura?

Talata, bayan la'asar

Na fara. Na zaunar da shi a kujerar ɗakin Inna, na sa masa matashi a baya, na ɗora hannun a kan cinyarsa. Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, yau kai ne ɗalibina."

Rabin bakinsa ya yi murmushi. Ya daɗe yana neman kalmar kafin ta fito da nauyi. "Bir… gima."

Daɗi ya kama ni, har na ji hawaye na neman zuwa. Na ce, "Ba birgima yau. Ka dubi hannunka kawai. Ka mai da hankalinka a kansa, dukkansa. Ka shaƙi iska, ka fitar, ka bar yatsun su bi."

Ya dubi hannun. Ban taɓa samun ɗalibi mai biyayya irin wannan ba. Idonsa ya tsaya cak, goshinsa ya tattare, leɓunansa suka shige ciki har bakin ya koma layi ɗaya siriri. Hannun kuwa ya ƙara matsewa. Na ga gaɓoɓin yatsun sun yi fari.

Na ce, "A'a, Baba, saki za ka yi. Mai da hankali sosai."

Ya ƙara mai da hankali. Hannun ya fara rawa.

Ba komai. Ranar farko ce.

Laraba, da asuba

Hannun yana nan.

Alhamis, da azahar

Yana nan.

Juma'a, da yamma

Yaya ya zo daga wurin aiki da man inji a farcensa da wata ƙwallon roba a aljihu. Shi a wurinsa duk abin da ya cije, ƙarfi ne bai ji ba.

Ya ce, "Auta, tun farkon mako kike masa waƙa. Matsa in gani."

"Yaya, ba noti ba ne."

"Noti ma in ya yi tsatsa ba a yi masa wa'azi."

Ya kama hannun ya fara ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana cusa ƙwallon. Baba ya yi wani sauti. Ba zan rubuta irinsa ba. Inna ta miƙe ta fita, muka ji ta buɗe famfo tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Da Yaya ya saki, ƙwallon ta faɗo ta gangara ƙarƙashin gado, hannun ya koma ya rufe fiye da dā.

Yaya ya tsaya yana kallon nasa hannuwan. Daga nan ya ce zai je ya duba tayar babur ɗinsa. Tayar lafiyarta ƙalau. Na leƙa ta taga na gan shi tsugune a gefenta, ya dafe kai.

Asabar, tsakar rana

Na shafa wa Baba mai a hannu, ya yi barci. Na zauna a ƙasa na jingina da gado, labule na shiga yana fita kamar ɗakin ne ke numfashi. Ban san lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ni ba.

Sai ga yadin nan shuɗi ya zubo daga kan keke, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya cika tsakar gida, ya zama kogi. Ina tafiya a cikinsa, ƙafata ɗaya da wando, ɗaya babu. Ba sanyi, ba jiƙewa. A can tsallake Baba na zaune a kan tabarmar yoga ya naɗe ƙafafu kamar ƙwararre, 'yan ajina na kewaye da shi, yana auna musu numfashi da tef. Yana ja yana cewa, wannan ya yi gajere, a ƙara masa. Na kira shi, bai amsa ba. Wani abu na ƙyalli a bakinsa.

Kiran Inna ne ya tashe ni. Wuyana ya sage.

Litinin, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na ce musu kaina ke ciwo. Kaina ba ya ciwo.

Talata, bayan la'asar

Mai Agogo ya zo. Shagonsa na jikin namu, tun kafin a haife ni suke tsokanar juna da Baba. Ya shigo da sallama, ya zauna a bakin gado ba tare da an ce ya zauna ba, ya dubi Baba sama da ƙasa.

Ya ce, "Tela, ashe haka kake? Don kada ka gyara mini aljihun nan ne ka je ka kwanta? To ga shi nan, har yanzu duk abin da na sa sai in tsince shi a cikin takalmi."

Baba ya motsa baki. "Cikin… ka ne… ya yi… girma."

"Cikina? Kai ne ka auna ni da tef ɗin da ya sha wanki ya ƙanƙance!"

Baba ya yi dariya. Dariyar gaske, mai fitowa daga ciki, baki a buɗe, har da tari. Ni ina zaune a ƙasa, idona ya sauka kan hannun. Ƙaramin yatsa ya ɗaga. Wallahi ya ɗaga, har na hango fatar tafin hannun, fara, mai tattara.

Na yi zumbur. "Baba, duba! Tsaya haka! Mai da hankali, kada ka bari ya koma!"

Ya duba. Dariyar ta ɗauke, bakin ya koma siririn layin nan, yatsan ya kwanta sululu a kan 'yan'uwansa.

Mai Agogo ya ce, "Malama, kin kore shi. Ai tsuntsu ne, ba a yi masa ihu."

Na yi dariya don kada in yi wani abu dabam.

Laraba, bayan an tashi makaranta

Na yi wa yara tsawa yau. A ajin yoga. Na ce, "Na ce ku saki jiki!" da muryar da ake korar akuya da ita. Kowacce ta sandare. Rediyo ce kawai ta yi ƙarfin hali, ita ma a hankali, ba kamar yadda ta saba ba. Ta ce, "Malama, kafaɗunki sun kusa taɓa kunnuwanki."

Na kwantar da su rigingine, na ce su rufe ido su saurari numfashinsu. Na zauna ina kallon fanka. Wata ta yi barci, bakinta a buɗe, hannuwanta a warwatse a gefe, yatsun sun ɗan lanƙwashe kamar ganyen da ya faɗo kan ruwa. Na daɗe ina kallon hannun yarinyar nan. Ban san mutum zai iya jin kishin tafin hannu ba.

Alhamis, da magariba

Wata ya yi nisa. Inna ta cire kalanda daga bango, ta ce ƙusar ce ta yi sako-sako.

Juma'a, da yamma

Yaya ya rufe keken da zanin gado. Ya ce don ƙura. Baba ya hango ta ƙofa lokacin da muke kai shi wanka. Da aka kawo abinci ya juya fuska bango.

Inna ta je ta yaye zanin, ta ninke shi sosai, ta ɗora wa Yaya a hannu.

Asabar, da hantsi

Bari in rubuta wannan tun yana da ɗumi.

Inna ta ce in ɗauko rigar aikin Baba da ke rataye a bayan ƙofar ɗakin ɗinki, ta haɗa da wanki. Ina damƙo ta sai na ji suka a yatsa. Fil ne, ƙananan alluran nan masu kai da yake maƙale yadi da su kafin ya ɗinka. Sun yi layi a bakin aljihu. Na kawo wa Inna rigar ina tsotsar yatsa.

Ta zauna a kan kujerar tsugunno tana zare su tana zubawa a murfin gwangwani. Sai ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba.

Ta ce, "Waɗannan ai na ajiya ne. Na aiki a bakinsa suke zama. Kin san duk abin da na taɓa roƙa a gidan nan, sai na bari ya cika baki da fil sannan in tambaya? Ba abin da zai iya cewa sai 'mm'. Ni kuwa in ce na gode, Tela."

"Kai, Inna!"

"To ƙarya na yi? Da 'mm' ɗin nan aka yi miki makaranta. In kuwa zai yanka yadin mutane, ko numfashi ba ya yi sai almakashi ya kai ƙarshe. Nakan tsaya a ƙofa ina jira ya sauke, tsoro nake kada ya haɗiye ɗaya."

Ta ci gaba da wankinta. Ni kuwa na ɗauki murfin na shiga ɗakin ɗinki, na tsaya gaban dogon madubin da masu gwada kaya ke duba kansu. Na jera fil a tsakanin leɓuna, kawunan a waje. Na ɗauki almakashi, na ɗauki wani ƙyalle, na ce wa kaina yadin amarya ne, kuskure kaɗan ya ɓata shi. Na mai da hankali.

Leɓuna suka shige ciki. Muƙamuƙi ya kulle. Numfashi ya tsaya a maƙogwaro, don jiki ya san abin da ke bakin ƙofa. Wuya ya ɗaure, kafaɗa ta hau, abin ya gangara ta damtse har yatsu. Na dubi madubi, sai ga bakin Baba a fuskata. Layin nan siriri.

Kullum ina gaya wa yara muƙamuƙi da kafaɗa da hannu 'yan gida ɗaya ne, in ɗaya ya rufe ƙofa sauran ma sai su rufe. Har zane na yi musu a allo. Amma ni hannun kawai nake kallo. Duk sanda na ce wa Baba ya mai da hankali, ya yi, irin mai da hankalin da ya sani tun yana saurayi: a rufe baki, a tsai da numfashi, kada hannu ya motsa. Ni na ɗauka hutu nake kiransa. Shi kuwa aiki yake shiga.

Na cire fil ɗin. Iskar da ta fito daga ƙirjina sai da ta dushe madubin.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Na zaunar da shi kamar kullum. Amma na ɗauko tawul na rufe hannun, don kada ni ko shi mu gani. Na durƙusa, na tara murfin gwangwanin a ƙarƙashin haɓarsa.

Na ce, "Baba, an tashi daga aiki. Kawo fil ɗin."

Ya dube ni kamar na zautu. Na kai yatsu biyu gefen bakinsa, na yi kamar na zaro wani abu, na jefa a murfin. Na ce, "Ting."

Inna na bakin ƙofa. Ta ce, "Ba ta, Tela. Ba abin da zan roƙa yau."

Sai ya gane. Na ga ganewar ta bi fuskarsa kamar hasken da ke bin bango. Ya turo leɓe kaɗan. Na zare wani. Na zare wani. A na ƙarshe bakin ya buɗe, ya sauke wani dogon numfashi da ban san inda ya ɓoye shi ba tsawon makonnin nan.

Na ce, "Bar bakin haka, haƙora kada su haɗu. Harshe ya kwanta. Shaƙa ta hanci. Fitar ta baki, haaa, kamar kana hura wa gilashin tabarau."

Ya yi. Ban ambaci hannu ba. Na ce ya bi iskar kawai, ya ji inda take taɓawa in ta shiga, ya raka ta in za ta fita. Na ce in ta fita ta bi ta haɓa, ta sauka wuya, ta zauna kaɗan a kafaɗa. Kafaɗar ta sauka. Da idona na gani. Muka tsaya a nan. Labule na shiga yana fita, mu ma haka.

Can na zura hannuna ƙarƙashin tawul ba tare da na duba ba. Yatsana ya shiga. Tsakanin yatsunsa da tafin hannun akwai wuri, ɗan kaɗan, mai ɗumi da gumi.

"Yauwa" ta taso mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiye abu mai wuya irinta ba.

Lahadi, da safe

Yatsuna biyu sun shiga.

Litinin, da magariba

Yau babu. Ya tashi da ɓacin rai, ya ture murfin, fil na gaskiya da na manta a ciki suka watse a ƙasa. Na tsince su a durƙushe. Inna ta ce in bar shi. Na bar shi.

Talata, bayan la'asar

Shi ya nuna murfin da haɓa. Ya turo baki tun kafin in durƙusa.

Yanzu na iya raka iskar har gwiwar hannu, har wuyan hannu. Ina ce masa, in ta isa can kada ya tura ta, ya bari ta tsiyaya da kanta kamar ruwa daga bakin tulu. Wani lokaci nakan rasa wa ke bin numfashin wa. Ɗakin kan yi nisa, muryar masu talla a titi ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take zuwa.

Yaya ya shigo muna tsaka. Ya buɗe baki, Inna ta ɗaga masa yatsa. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Ba a jima ba na ji wani haaa daga bayana, mai kauri, mai warin man inji. Ban juya ba.

Laraba, bayan an tashi makaranta

Na ce wa yara kafin kowace sunkuyawa su raba haƙora, su bar harshe ya kwanta. Rediyo ta ce, "Malama, kwanakin baya kin ce in rufe baki, yau kin ce in buɗe. Ki tsai da magana ɗaya." Ta kama yatsun ƙafarta tana cikin surutun, ba ta ma lura ba.

Alhamis, da azahar

Mun je. Likitar gashin ƙashi ta miƙo hannu za ta kama nasa, na ce ta ɗan dakata. Na fito da murfin daga jaka. Ta ɗaga gira, amma ta ja kujera ta zauna. Na zare, na zare, Baba ya hura wa tabarau ɗin da ba ya nan. Ta jira. Sannan ta zura tafin hannunta cikin nasa, kamar masu gaisawa, ta miƙar da yatsun a hankali. Suka bi ta. Babban yatsan ne ya yi gardama, daga baya shi ma ya fito.

Robar na kan tebur, na gan ta tun shigowarmu. Ta ɗauke ta ta mayar a aljihun tebur.

Yaya ya ce, "Likita, zai yi ɗinki?"

Ta ce, "Ban ce ba. Sakewa daban, ƙarfi daban, da sauran aiki a gabanmu. Amma ƙofar ba ta rufe ba." Ta dubi murfin. "Wannan kuma wane magani ne?"

Baba ya ce, "Bir… gima."

Juma'a, da hantsi

Da safe ya ƙi zama a kujerar ɗakin Inna. Ya nuna ƙofar ɗakin ɗinki. Muka kai shi, ni da Yaya, muka zaunar da shi a gaban keke. Rana ta shigo ta faɗa kan yadin, shuɗin ya cika ɗakin har rufi. Inna ta tsaya a inda ta saba tsayawa, a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana kallon allurar da ke nutse. Sannan hannunsa na hagu ya tafi da kansa wurin gwangwanin fil, ya ɗebo, ya nufi baki. Na tare shi. Na ce, "A'a, Baba. Daga yau ni ce mai riƙe maka." Na karɓe su. Hannuwana biyu na buƙata don in tallafo masa gwiwar hannun dama, don haka na ajiye su a inda ya fi kusa, a bakina.

Ya raba haƙora. Ya shaƙa. Da ya fitar, yatsun suka buɗe a hankali, muka ɗaga hannun tare muka ɗora tafin a kan wilin keke. Ƙarfen na da sanyi, na ga fatarsa ta ɗan yi tsam. Ya sake shaƙa. A fitarwa ta biyu ya jawo wilin wajensa.

Keken ya ce ƙas. Allurar ta taso daga cikin yadin, da zarenta, tana ƙyalli.

Yaya ya juya yana karanta bango. Ni kuwa idona na kan allurar, kunnuwana na ƙara, ɗakin na neman juyawa da ni, ban san dalili ba.

Sai na ji Baba na kallona. Ya sauke hannun daga kan wilin. Ya juya shi, tafin na sama, a buɗe. Ya kawo shi ƙarƙashin haɓata.

Ya ce, "Uwata. Kawo… fil ɗin."